Wane Janar Ne Ya Karɓa?

Ranar Talata, 25 ga Oktoban 2022, muna zaune wurin mai shayi a bakin kasuwar Gadarif, a gabashin Sudan, bayan la'asar. Lokacin kakar riɗi ne, manyan motoci sai shiga suke suna fita, ƙura ta rufe ko'ina. Baffana, wanda ya haura shekara tamanin, yana kan 'yar kujerar nan da ake ce wa bambar, ƙaramar rediyonsa manne da kunne. Aka faɗi a labarai cewa Liz Truss ta bar gidan gwamnati a Landan, Rishi Sunak ya shiga. Baffa ya ajiye finjalin gahawarsa ya dube ni.

"Ba ita ce ta hau shekaranjiyan nan ba? To wane janar ne ya karɓa?"

Na ce, "Baffa, babu janar. 'Yan jam'iyyarta ne suka ce ta sauka, ta sauka."

Ya girgiza kai, alamar bai gamsu ba. Ban ga laifinsa ba. A ranar ce shekara guda cif ta cika da sojoji suka yi juyin mulki suka tsare Firaminista Abdalla Hamdok a Hartum. Mutumin da ya ji kiɗan soja a Rediyo Umdurman da sassafe a 1958, ya sake ji a 1969, ya ƙara ji a 1989, in ka ce masa an canja shugaban gwamnati sau biyu cikin wata biyu ba tare da tankar yaƙi ta hau gada ba, dole ya ɗauka akwai abin da aka ɓoye masa.

Abin da ke rikita mutane game da tsarin firaminista shi ne sun ɗauka jama'a ce ke zaɓensa. A Birtaniya babu takardar ƙuri'ar da ke ɗauke da sunan firaminista sai a mazaɓarsa guda ɗaya cikin mazaɓu 650. Kowa ɗan majalisarsa yake zaɓa. Wanda mafi yawan 'yan majalisa suka tsaya a bayansa, shi sarki ko sarauniya ke kira ya kafa gwamnati, kuma kujerar tasa ce muddin suna bayansa. Ran da suka janye, ko da shekara huɗu ta rage kafin zaɓe, ya tattara kayansa. Kamar hayar shago ce ba takarda: kana ciki ne gwargwadon yardar masu gida. Shugaban ƙasa irin na Amurka ko Najeriya kuwa wa'adinsa a rubuce yake, tsige shi aiki ne ja, sai an tuhume shi da laifi. Firaminista ba sai ya yi laifi ba. Ya isa a ce abokan tafiyarsa sun lissafa sun ga zai ja musu faɗuwa.

Kuma mafi yawan lokuta wuƙar daga cikin gida take fitowa. Mutane sun fi sanin ƙuri'ar yanke ƙauna, wadda 'yan adawa ke kawowa zauren majalisa, amma rabon da ta kayar da gwamnati a Birtaniya tun Maris na 1979, lokacin da James Callaghan ya faɗi da ƙuri'a ɗaya tak, 311 da 310. Tun daga nan, wanda zaɓe bai kora ba, galibi jam'iyyarsa ce ta nuna masa ƙofa. Margaret Thatcher ta ci zaɓe uku a jere. A Nuwamban 1990 aka ƙalubalance ta a cikin jam'iyya, ta samu ƙuri'a 204, abokin takararta Michael Heseltine ya samu 152. Ita ce kan gaba, amma tazarar ba ta kai yadda dokar jam'iyya ta buƙata ba. Ministocinta suka riƙa shiga ofishinta ɗaya bayan ɗaya suna gaya mata ba za ta kai labari ba a zagaye na biyu. Ta sauka. Boris Johnson ya kawo wa jam'iyyarsa gagarumin rinjaye a 2019, amma a Yulin 2022 sama da mutum hamsin cikin ministoci da mataimakansu suka ajiye aiki cikin kwana biyu, har ya rasa waɗanda zai cike gurabe da su. Ita kuwa Truss kasafin kuɗinta ne ya ci ta: rage haraji mai yawa ba tare da an faɗi inda za a cike giɓin ba, fam ya faɗi warwas, babban banki ya shigo ceto. Kwana 49 ta yi.

Ba na cikin masu cewa wannan tsari ba shi da aibu. 'Yan jam'iyya dubu tamanin da ɗoriya ne suka zaɓi Truss ta mulki ƙasa mai mutum sama da miliyan sittin. Sunak ma ko wannan bai samu ba, 'yan majalisar jam'iyyarsa ne suka tsayar da shi ba hamayya. Talakan Ingila yana da hakkin ya ce an yi ba da shi ba, kuma ya rama a Yulin 2024 da ya kori jam'iyyar gaba ɗaya. Sai dai duk wanda aka kayar a cikinsu, gida ya koma, ko kujerar baya a majalisa. Babu wanda ya nufi bariki.

Mu ma a Sudan mun taɓa yin irin wannan, kuma wannan ne ɓangaren tarihinmu da 'yan baya ba su cika sani ba. Isma'il al-Azhari, mutumin da ya ɗaga tutar 'yanci ranar 1 ga Janairun 1956, wata shida kacal bayan haka majalisa ta juya masa baya. Ya sauka, Abdallah Khalil na jam'iyyar Umma ya hau, Azhari ya koma jagoran adawa. A Yulin 1966 majalisa ta kayar da Muhammad Ahmad Mahjub, Sadik al-Mahdi ya karɓa yana ɗan shekara talatin. A Mayun 1967 ta kayar da Sadik, Mahjub ya dawo. Sau uku ke nan aka canja shugaban gwamnati da ɗaga hannu, ba a fasa ko kofin shayi ba. Saboda haka maganar da ake yawan yi a zaman hira cewa wannan tsari na Turawa ne, jininmu bai karɓe shi ba, ba ta yi daidai da abin da ya faru ba.

To me ya kashe shi, har sau uku?

Amsar da masu kakin soja suke bayarwa a bayaninsu na farko kullum iri ɗaya ce: jam'iyyu sun cika rigima, gwamnati ba ta zama, ƙasa na neman rushewa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, zan dawo kanta. Amma in yawan sauya gwamnati ne ke kawo juyin mulki, da Italiya ta fi kowa yawan janar-janar a fada, don tun 1946 ta yi gwamnatoci kusan saba'in, soja bai karɓa ba ko sau ɗaya. Japan ta yi firaminista shida tsakanin 2006 da 2012. Beljiyam ta taɓa yin kwana 541 ana cinikin kafa gwamnati, albashi na fita, jiragen ƙasa na tafiya.

Abu na farko da ya bambanta mu da su shi ne inda igiyar take ɗaure. A ƙa'ida firaminista na majalisa ne, 'yan majalisa kuma na mazaɓunsu. A Sudan ta wancan lokaci akwai wani hawa a sama da majalisar, wato gidajen sayyidai biyu: gidan Mahdi da mabiyansa Ansar, gidan Mirgani da ɗariƙarsa ta Khatmiyya. Azhari bai faɗi don ya gaza a aiki ba. A ƙarshen 1955 Sayyid Abdurrahman al-Mahdi da Sayyid Ali al-Mirgani, waɗanda suka shekara da shekaru ba sa ga-maciji, suka gana suka daidaita, mutanen Khatmiyya suka fice daga jam'iyyar Azhari suka kafa tasu, lissafin majalisa ya juye. Faɗan Mahjub da Sadik kuma asalinsa faɗan cikin gida ne tsakanin Sadik da baffansa Imam al-Hadi kan wa ke da jam'iyyar Umma, mai limancin Ansar ko mai shugabancin siyasa. Baffa yakan ba mu labarin yadda ake zaɓe a ƙauyensu: za a kawo ɗan takarar da ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa, a ce ishara ta zo daga Umdurman, shi ke nan an gama. Irin waɗannan mazaɓu har suna gare su, rufaffun mazaɓu. Ɗan majalisar da ya shiga ta wannan hanya, ran ƙuri'ar yanke ƙauna ba ƙauyen zai tuna ba, gidan da ya aiko shi zai kalla. Masu karatu a Najeriya ba baƙon abu ba ne a wurinsu, don a Jamhuriya ta Farko Abubakar Tafawa Ɓalewa ne firaminista a Legas, amma shugaban jam'iyyar NPC, Sardauna Ahmadu Bello, yana Kaduna.

Wannan kaɗai ba ya kashe tsari. Jam'iyyu a ko'ina suna da iyayen gida. Abin da ya yi kisan shi ne na biyu, kuma a kansa nake so a tsaya.

Tsarin majalisa yana rayuwa ne a kan abu ɗaya: wanda ya ga zai faɗi ya yarda ya faɗi, saboda ya san gobe ma rana ce. A 1958 gwamnatin haɗakar Abdallah Khalil tana tangal-tangal. Ana rigima kan karɓar tallafin Amurka, ana rigima kan hulɗa da Masar, auduga ta yi kwantai, ga raɗe-raɗin abokan haɗakarsa za su koma wurin Azhari su kayar da shi. An sa ranar 17 ga Nuwamba majalisa za ta dawo zama. Da asubahin ranar ce Janar Ibrahim Abbud ya karɓi mulki. Khalil tsohon hafsan soja ne, kuma shi ke riƙe da ma'aikatar tsaro. Masana tarihi da dama sun tafi a kan cewa miƙawa aka yi, da sani da yardar firaministan kansa. A ranar da ya kamata a ƙirga hannaye, sai aka ƙirga bindigogi, kuma ɗan siyasa ne ya buɗe ƙofar.

Zagaye na biyu ya fi wannan ban takaici, don a nan masu rinjaye ne suka fara karya doka. A ƙarshen 1965 majalisa ta haramta jam'iyyar Kwaminis, ta kori zaɓaɓɓun 'yan majalisarta. Ko mutum na son Kwaminis ko ba ya so, kuma mafi yawan iyayenmu ba sa so, mutanen nan ƙuri'a ce ta kawo su. Suka kai ƙara, kotu ta ce korar ta saɓa wa tsarin mulki, gwamnati ta yi kunnen uwar shegu da hukuncin. Alƙalin alƙalai Babikir Awadallah ya ajiye aiki. A farkon 1968, da aka ga ɓangaren Sadik na shirin kayar da Mahjub, sai aka rushe majalisar kafin a kai ga ƙuri'a. Sadik da mutanensa suka ƙi yarda, suka yi nasu zaman a farfajiyar ginin. Ka ga hoton: majalisa a ƙarƙashin bishiya, gwamnati a ofis, kowa na cewa shi ne halastacce, hafsoshin soja na kallo. Da Ja'afar Numairi ya yi juyin mulki ranar 25 ga Mayun 1969 da goyon bayan 'yan ra'ayin gurguzu da masu ra'ayin Nasir na Masar, wa ya naɗa firaminista? Babikir Awadallah, alƙalin nan da aka wulaƙanta hukuncin kotunsa.

Irin wannan ta faru a Ibadan a 1962. Gwamnan Jihar Yamma ya sauke Firimiya Akintola bisa wata wasiƙa da 'yan majalisa suka sa wa hannu, ba tare da an kaɗa ƙuri'a a zaure ba. Da aka zo zaman tabbatar da magajinsa Adegbenro, aka yi ta jifa da kujeru, aka karya sandar majalisa, gwamnatin tarayya ta sa dokar ta-ɓaci. Shari'a ta kai Landan, aka ba Adegbenro gaskiya, sai aka gyara tsarin mulkin jihar aka mayar da gyaran baya don hukuncin ya tashi a banza. Juyin mulkin Janairun 1966 bai yi nisa ba daga nan. Najeriya ta ɗora laifin a kan tsarin firaminista, ta koma tsarin shugaban ƙasa a 1979, amma a ranar ƙarshe ta 1983 soja suka kifar da Shehu Shagari duk da haka. An canja riga, ciwon yana jiki.

Zagaye na uku shi ne wanda na ji labarinsa daga bakin mutane da yawa, don har yanzu masu tuna shi suna da ƙarfinsu. Zaɓen 1986 bai ba kowa rinjaye ba: Umma kujeru kusan ɗari, jam'iyyar Ittihadi ta gidan Mirgani 63, Jabha Islamiyya ta Hasan al-Turabi 51, kuma a mazaɓu da dama na Kudu ba a yi zaɓen ba saboda yaƙi. Sadik ya shekara uku yana ɗinki yana warwara. Yau yana tare da Ittihadi, gobe an shigo da Jabha, jibi Ittihadi ta fita. A nan ne zargin sojoji yake da ƙamshin gaskiya. Dokokin Satumba, wato dokokin shari'a da Numairi ya kafa, an kasa sokewa an kasa tabbatarwa, yaƙin Kudu na cin rayuka da dukiya, ambaliyar 1988 ta rushe unguwannin Hartum, a Disambar shekarar aka ƙara kuɗin sukari mutane suka fito titi har aka janye. Inna mai shayin da muke zama wurinta ta ce abin da ta riƙe daga zamanin Sadik layi ne: layin burodi, layin sukari, layin kananzir. Gwamnatin haɗaka mai rauni tana da tsada, kuma talaka ne ke biya. Wanda ya musa wannan bai yi layin ba.

Amma dubi lokacin da aka zaɓa. A Nuwamban 1988 Muhammad Usman al-Mirgani ya sa hannu da John Garang, jagoran 'yan tawayen Kudu, a Addis Ababa kan hanyar sulhu, ciki har da jingine dokokin Satumba. A Fabrairun 1989 manyan hafsoshi suka miƙa wa Sadik takardar gargaɗi, wanda shi kansa shiga sharo ba shanu ne. A Maris aka kafa sabuwar gwamnati da ta karɓi yarjejeniyar, Jabha ta koma adawa. Ranar 30 ga Yuni Umar al-Bashir ya fito a rediyo. Turabi da kansa ya amsa daga baya cewa shirinsu ne. Wato ba a kifar da gwamnatin a lokacin da ta fi rikicewa ba, an kifar da ita a lokacin da ta kama hanyar yanke shawarar da wata jam'iyya ba za ta iya hanawa da ƙuri'unta 51 ba.

'Yan boko a Hartum suna kiran wannan da muguwar da'ira: zaɓe, juyin mulki, boren jama'a, riƙon ƙwarya, a sake zaɓe. Sunan yana sa mutum ya ji kamar ƙaddara ce ke juya kanta. Ni abin da nake gani shi ne a kowane zagaye akwai farar hula da ya ga lissafin majalisa ba zai yi masa daɗi ba, ya je ya ƙwanƙwasa ƙofar bariki: na dama a 1958, na hagu a 1969, masu kiran Musulunci a 1989. Kowannensu ya ɗauka aron soja zai yi na ɗan lokaci. Abbud ya shekara shida, Numairi sha shida, Bashir talatin. Kwaminis ɗin da suka yi wa Numairi rakiya, a 1971 ya rataye shugabanninsu. Turabi ya sha ɗauri a hannun Bashir. Duk zamanin majalisa ukun in ka haɗa su da ƙyar suka kai shekara goma.

Akwai masu cewa maganin a rubutun tsarin mulki yake, su kawo misalin Jamus. Jamusawa sun ɗanɗana kuɗarsu kafin zuwan Hitila, lokacin da jam'iyyun da ba abin da ya haɗa su sai ƙiyayyar gwamnati suke taruwa su kayar da ita su watse. Don haka a 1949 suka sa doka cewa majalisa ba za ta sauke shugaban gwamnati ba sai ta zaɓi magajinsa a ƙuri'a guda. Sau ɗaya aka yi nasarar amfani da ita, a 1982, da Helmut Kohl ya maye gurbin Helmut Schmidt. Sifaniya ta kwaikwaya, da ita aka sauke Mariano Rajoy a 2018. Dabara ce mai kyau, ina ma a ce duk tsarin mulkin da za mu rubuta nan gaba ya ɗauke ta. Sai dai ciwon da take magani ba shi ne namu ba. Duk sau ukun da majalisarmu ta kayar da firaminista, magaji na tsaye a bakin ƙofa. Indiya da Pakistan sun fi kusa da mu. Gado ɗaya suka ci daga Ingila, a shekara ɗaya. A Afrilun 1999 gwamnatin Vajpayee a Indiya ta faɗi da ƙuri'a ɗaya, aka koma zaɓe, ya dawo. A Pakistan har yau babu firaministan da ya cika shekara biyar a kan kujera, kuma kowa ya san wanda ake kallon fuskarsa kafin a ɗaga hannu.

Hamdok kuma wani babi ne daban, don shi firaminista ne da ba shi da majalisa. Takardar tsarin mulki ta Agustan 2019 ta yi alkawarin majalisar riƙon ƙwarya cikin kwana casa'in. Ba a taɓa kafa ta ba, saboda an kasa daidaitawa kan rabon kujeru. Sakamakon haka babu zauren da zai iya sauke shi bisa ƙa'ida, babu kuma zauren da zai tsaya masa. Da wani ɓangare na 'yan siyasa da ƙungiyoyin tawayen da suka sa hannu a sulhun Juba suka gaji da gwamnatinsa a Oktoban 2021, ba su da inda za su kai ƙuri'ar yanke ƙauna ko da sun so. Suka kafa tantuna a ƙofar fadar shugaban ƙasa suna rera cewa ba za su koma gida ba sai bayani ya fito. Kowa a Sudan ya san wane bayani ake nufi: sanarwar juyin mulki. Ya kuwa fito.

Mu Hausawan ƙasar nan rashin majalisa ba maganar littafi ba ce a wurinmu. A Yulin 2022, da kuma 'yan kwanaki kafin wannan zama namu na wurin mai shayi, an kashe mutanenmu a jihar Nil Azrak, an ƙona gidaje, mata da yara sun watsu zuwa Sinnar da Madani da nan Gadarif. A ƙasar da ke da majalisa, ko da mai rauni ce irin ta 1986, da ɗan majalisa ɗaya ya isa ya miƙe ya sa ministan cikin gida ya amsa tambaya a gaban kowa, a rubuta amsar. Mu sai dai muka fita titi a Kasala da Gadarif da Hartum, sannan dattawa suka yi ta kai takardu ofis-ofis.

Bayan yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, a Mayun 2025 shugaban sojoji Janar Burhan ya naɗa Kamil Idris firaminista. Na je gaida Baffa na ba shi labari. Wannan karon bai tambayi wane janar ba, ya riga ya sani. Ya daɗe yana murza rediyon, sannan ya ce, "Ɗana, in bai yi daidai ba, su wa za su ɗaga hannu?"

Ginin majalisar na nan a Umdurman, a bakin kogi. Tun Afrilun 2019 ba a sake zama a cikinsa ba.